Takabar Matar Rayyis

Kuɗin tafiyata Jidda daga gonar Baba ta bakin fadama suka fito. Ya sayar da ita mako guda bayan na karɓo digirina, ya ce in je in dawo masa da biyu. Ni kuwa a jirgi ma tsara kamfani nake yi a kaina. Da na sauka, aikin da ke cikin bizata wankin kwalekwalen masu kuɗi ne a wata marsa, wato matsayar ƙananan jiragen ruwa, can kudu da gari. Ke Hanne, rufe bakin nan, ban zo wurin dariya ba tukuna.

Ranar farko na ce wa wani dogon tsoho baƙi ina neman "akama" ta, wato takardar izinin zama. Ya dube ni ya ce da Hausa, "Iƙama, ya walad. Haka aka koya muku a jami'ar?" Shi ne Baba Idi, Rayyis, shugaban marsa. A Jidda aka haife shi, kakansa ne ya zo hajji a ƙasa bai koma ba, amma har ya tsufa takardar baƙo yake riƙe da ita, ƙarƙashin kafili ɗaya da ni, wato ubangidan da ke tsaya wa baƙo, mai marsar.

Ba jirgin da ke fita sai ya ɗaga hannu. Ya san inda kowane dutsen murjani yake kwance a ƙarƙashin ruwa. Ɗan kafilinmu ma shi ya tsamo daga teku yana yaro, shi ya sa masu jiragen ke sumbatar goshinsa suna kiransa ammi, wato baffa. Kullum ina kawo masa dabara: mu sa sola, mu yi manhajar waya ta ajiye wuri, mu buɗe ajin koyon tuƙi. Sai ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Tayyib, injiniya. Yalla, ɗauko soso." Da rana kuma ya raba mini abincin da matarsa, Inna Maryama, ta ƙunso masa.

Wata la'asar yana ɗaure igiya ya durƙusa, bai tashi ba.

To ga inda abin yake. Iƙamar Inna a jikin tasa take rataye. Ya mutu, tata ta kama hanyar mutuwa, sai in wani ya ɗauki kafalarta. Ba su da ɗa. Ɗakinsu na unguwar Sa'alaba ma na kafili ne. Ita kuma ta shiga takaba, ko ƙofar gida ba ta leƙawa.

Masu jirage suka shirya taron tunawa da shi. Aka fita da jiragen a jere, kowa ya danna oda, aka dawo aka baje shinkafa da kifi. Manya da gemu suna kuka na gaske, na ga hawayen da idona. Kafilinmu ya rataye babban hoton Rayyis a ƙofar ofis, da sunan marsa a ƙasa da manyan baƙaƙe. Na ce a raina yau ce ranar, ga zukata sun yi laushi. Na miƙe da gurgun Larabcina na ce matar Rayyis na neman kafili.



"Muna makoki kana kawo mana maganar takarda?" in ji kafilinmu. "Wa ya ba ka izinin magana?"

Wani mai jirgi fari ya ce, "Shekarunta nawa? Tana iya guga?"

"Ta tsufa, ranka ya daɗe."

"Ma'alesh," ya ce, ya jawo farantin kifi.

Ɗaya ne kawai, wani likitan haƙori, ya kira ni gefe. Ya ce zai ɗauki kafalarta saboda Allah, amma jibi zai yi tafiya, sai ta zo ofis gobe ta sa yatsa. Da gudu na isa Sa'alaba. Ta bayan labule muka yi magana.

"Inna, an samu! Gobe kawai za ki fita, awa ɗaya."

"In fita? Idi ko arba'in bai yi ba in hau titi?"

"Na tambayi liman, ya ce lalura ce, ya halatta."

"Liman ba shi ya zauna da Idi ba. Ummi ta yi wa Abuya, ubana, takaba ba ta ga rana ba. Ni ce zan gaza? Halas, ya waladi, je ka."

Na roƙe ta har muryata ta dishe. Da na koma wa likita, sai ya ɓata rai. "Na miƙa hannu an ƙi," ya ce. A marsa kuwa labari ya zaga cewa tsohuwar girman kai gare ta, kowa ya ji sanyi a ransa.

Kafili yana son ɗakin don sabon rayyis. Bai iya fitar da mai takaba ba, mutane za su yi magana, sai ya sa aka yanke wutar. Ba ku san zafin Jidda ba, ku yi shiru. Ta ƙarasa watanninta a ɗaki ba fanka, ina kai mata ƙanƙara a leda. Ranar da ta fita takaba ta yi wanka, takardarta ta riga ta mutu, aka ɗauke ta zuwa tarhil, gidan da ake tara waɗanda za a kora. Ni ma kafili bai manta tsayuwata a taro ba, ya buga mini fita ba dawowa.

Jirgi ɗaya muka hau. Tana riƙe da takardar ƙasar da ba ta taɓa gani ba, ta tambaye ni ko Kano akwai teku. Na ce babu. 

Na dawo da jaka ɗaya da tsohuwa ɗaya. Baba ya dube mu ya buɗe ɗakin baya, bai tambayi gona ba har yau.

Ita ce Innar da kuke bi kuna kwaikwayon Hausarta, kuna cewa "moya, moya" in ta nemi ruwa. Kai Sani, kai ka fi kowa. Tashi ka kai mata.