Hatimin da Na Rufe da Kwalta

Mai girma Fada Hieronim. Mai girma Magajin Gari. 'Yan kwamitin Ƙungiyar Tsofaffin Motoci. Tsofaffin ma'aikatan masana'antar jiragen sama. Pani Jadwiga, matar marigayi, da kuma ke, Malwina, 'yarsa. Sauran jama'a, ina gaishe ku, ina kuma yi mana ta'aziyyar Pan Benedykt Kluza, wanda yau kwanansa talatin da barinmu.

An zaɓe ni, Lucjan Oleksy, in yi magana saboda ni ne shugaban ƙungiya. Da kwamiti ya san abin da zan faɗa, watakila da ya zaɓi wani.

Ya kasance maƙerin alminiyam. Shekara talatin da ɗaya yana lanƙwasa jikin jirage da gudumar katako, har kunnensa na hagu ya mutu. A masana'antar, kowane ma'aikaci yana buga hatiminsa a cikin duk fallen da ya ƙera, domin idan jirgi ya faɗi a san hannun wa za a tambaya. Nasa 217 ne. Ko da aka sallame su daga aiki, bai bar al'adar ba. Ko tukunyar maƙwabciya ya gyara, sai ya buga mata 217 a gindi.

Ya kasance mutumin da ya ga hoton wata jar motar tseren Italiya ta shekarun hamsin a tsohuwar kalanda, ya ce zai gina irinta. Shekara goma sha tara ya yi yana ginin. Kun fi kowa sanin abin da ta ci, Pani Jadwiga: rumfar tumatirinku da ta koma gareji, hutun bakin teku da ake ɗagawa duk bazara, da kuɗin sallamarsa da ya tafi a kan inji. Da ya gama, wani dillali daga Rzeszów ya zagaya ta sau biyu, ya ce, “Baba, zloti dubu sittin, kuma don injin ne.” Pan Benedykt ya kara hannu a kunnen da ya mutu, ya ce, “Ta wannan gefen ka yi magana, ɗana, nan ne nake ajiye irin tayinka.”

Ya kasance yana zuwa taronmu duk Alhamis da kek ɗin da kuka gasa, Pani Jadwiga. Muka ci kek ɗin, muka hana motarsa shiga jerin gwanonmu na watan Mayu. Dokarmu ta bakwai ta ce motar asali kaɗai, ban da kwaikwayo. Ni na rubuta dokar da hannuna. A wannan zauren muka riƙa tsokanarsa: “Benek, yaya jabunka? Ta koyi Italiyanci kuwa?” Shi kuma ya ce mini, “Tana koyo, Injiniya. Taku ce ta manta yadda ake tashi da safe.” Muka yi dariya. Ranar jerin gwano sai ya tsaya a bakin gada da hularsa a hannu, yana ɗaga mana ita.

Yanzu na zo kan abin da ya tsayar da ni a gabanku.

Shekara takwas da suka wuce na daki ƙofar garejina da farar motata, wadda kuka sani, madigadin dama ya lalace. Babu irinsa a kasuwa. Na kai wa Pan Benedykt. Mako shida ya yi, ya ƙera sabo na alminiyam, har ni da na karanta ilimin ƙarfe ban iya bambanta shi da na hagu ba. A cikinsa ya buga 217. Na kai mota gida, na ɗauki buroshi, na shafe hatimin da kwaltar da muke shafa wa ƙarƙashin mota. A bazarar da ta biyo baya aka ba ni kofin motar da ta fi kowacce zama yadda ta fito daga kamfani.

Ya zo taya ni murna. Kamar yadda ya saba, ya zura hannu ƙarƙashin madigadin yana shafawa. Na ga lokacin da yatsunsa suka tsaya. Ya dube ni, ya ce, “Injiniya, kwalta ta yi kauri a nan.” Na ce saboda tsatsa ne. Alminiyam ba ya tsatsa. Ya sani, na sani. Ya goge yatsunsa a wando, ya ce, “To, Allah ya kiyaye ta.” Bai ƙara ta da zancen ba. Da Alhamis ta zagayo, ya kawo kek.

Mun kira aikinsa jabu, alhali bai taɓa maƙala wa motarsa tambarin wani kamfani ba. Hatiminsa ne a kowane falle, arba'in da uku. Duk tsawon lokacin nan, jabun yana garejina, da kofi a kansa.

Pani Jadwiga, ban zo in ce ku yafe mini yau ba, don ba ni da wannan hurumin. Ga kofin nan a kan tebur, na mayar wa kwamiti. Na kuma rubuta buƙatar a soke doka ta bakwai, kuma daga yau na sauka daga kujera domin a yi ƙuri'ar ba tare da ni ba. Malwina, na ji dillalin nan ya sake kiran ki. Motar taki ce, shawara ma taki ce. Roƙona ɗaya: ki dakata zuwa Mayu. Idan kwamiti ya amince, ke za ki tuƙa ta a gaban kowa, mu ƙetare gadar da mahaifinki yake tsayawa.

Na gode wa Fada, da Magajin Gari, da 'yan kwana-kwana da suka ba mu zaurensu, da ku duka da kuka saurare ni har ƙarshe. Allah ya ji ƙan bawansa Benedykt, ya ba shi hutawa ta har abada, ya sanyaya zuciyar iyalinsa, mu kuma ya ba mu ikon faɗin gaskiya tun mai ita yana da kunnen ji. Amin.

Farar motar tana bakin ƙofa. Jiya na kankare kwaltar. Duk mai fita, ya zura hannu ƙarƙashin madigadin dama.