Fim Ɗin Maza a Ajin Mata

A tashar bas ta Toledo, Lorraine, wadda kotu ta tura ajin mata masu dukan mazajensu, ta ishi wata tsohuwa da mita.

"Mama, ki ji wulaƙanci! Fim ɗin maza suke kunna mana a ajin, wani ƙato yana jibgar matarsa. Ina ruwana da shi? Ni fa dutsen guga kawai na jefi mijina Curtis da shi."

"Da zafinsa?"

"Guga nake yi, da sanyi zai kasance?"

Tsohuwar ta janye jakarta.

"Gaskiyarki, 'yar nan, a yi fim na mata. Ɗana yana gida, ido ɗaya matarsa ta bar masa. Shi ya fito a mijin, ke ki fito a matar."