Tsohon da ke Sara wa Jirgi

A tashar jirgin ƙasa ta birnin Tainan, Siu-bi ta ga wani tsoho ya miƙe da ƙyar, ya sara wa jirgin da ke shigowa.

"Baba, soja ne kai?"

"Ina! Ma'aikacin jirgi ne ni zamanin da Japanawa ke mulkin ƙasar nan. Haka suka koya mana."

"Ashe fansho kake ci."

"Wane fansho, 'yar nan? Da suka koma gida suka ce ni ba nasu ba ne. Gwamnatin yanzu kuma ta ce abokan gaba na bauta wa."

"Kuma kake sara wa jirgin? Da ni ce, jifansa zan yi!"

"Ƙyale shi. Shi kaɗai ne bai taɓa cewa bai san ni ba."