Tagar Aji Biyar

MUNZALI: Salamu alaikum! Isyaku na Inno!

ISYAKU: Wa alaikumus salam. Munzali sarkin tsiya, ina wuni?

MUNZALI: Lafiya lau. Ya Daura, ya iyali?

ISYAKU: Alhamdu lillahi. Ya damina a Sandamu?

MUNZALI: Gero ya yi kai. Kai, ka sauke manhajar 'yan ajinmu kuwa? Ni na gina ta da hannuna. A taron ranar Asabar shugabancin ƙungiyarmu nawa ne, ka rubuta ka ajiye.

ISYAKU: Kai ɗin? Da ko saƙo sai an rubuta maka?

MUNZALI: Bar wannan. Ka ga 'yar tagar da ke fitowa in za ka aika hoto, tana tambaya ko ka tabbata? Ai ba farar nan ta kowa da kowa ba ce. Tagar aji biyar na zana.

ISYAKU: Wallahi na gane ta! Shuɗin fenti, murfi guda a karye.

MUNZALI: Ta nan muke dirowa mu tafi tsinkar kanya.

ISYAKU: Marigayi Mansur ya maƙale a ciki, Malam ya same shi rabi a waje!

MUNZALI: Allah ya jiƙansa. Shi ya tsaga allon ƙasan nan, har tsagar na sa.

ISYAKU: Amin. Sai da na yi ƙwalla. To amma injiniya, tun safe wata tagar ta fito ta ƙi rufuwa.

MUNZALI: Wace iri?

ISYAKU: Ta ce, "Wa ya gina manhajar nan?" Maɓalli biyu ne. Na dama, "Haulatu." Na hagu, "Haulatu ce."

MUNZALI: Halo? Sabis ya...

ISYAKU: Ras nake jin ka. Ya ake rufe ta?

MUNZALI: To... cire batir.

ISYAKU: An dawo da taron yau, mutumina. Kana kan sifika, duk ajin na zaune. Ga monitar ajinmu.

HAULATU: Munzali, ina wuni?

MUNZALI: Hajiya Haulatu! Ba kina Katsina wurin koyar da kwamfutarki ba?

HAULATU: Na zo. Jama'a, gaskiya shi ya tuna min tagar, har inda fentin ya ɓare. Ni na manta. Ginin dai ni na yi.

MUNZALI: Kun ji ko? Rabi nawa ne!

HAULATU: Shugabancin an ba Hajiya Rabi. Kai kuma danna ɗaya, tagar ta rufe.

ISYAKU: Ka ji dariya? Wannan tagar ba ta dirowa ba ce, Munzali. Dama ko hagu?

MUNZALI: Katina ya kusa ƙa...

ISYAKU: Bari in kira ka!

MUNZALI: Kar ka soma!