Kaset Ɗin da Mahaifina Ya Aiko

Shugaban taro, Dokta Maharazu, iyayenmu mata da suka ciyar da mu, malamai, 'yan'uwana ɗalibai na nan Bloomsbury, jama'a baki ɗaya, ina gaishe ku. Sunana Rwang, kuma ina godiya da wannan dama.

Watanni uku da suka wuce mahaifina ya tara 'ya'yansa maza a Jos ya sa musu albarka. Ni da ke nesa aka aiko mini tawa a kaset. Yayana an yaba haƙurinsa, ƙanena an yaba hannunsa a gona, ni kuwa faɗa zalla na samu, wai zuciyata ta cika zafi. Raina ya ɓaci, na rantse ko gwamnati ta shimfiɗa mini kuɗin mai tun daga Ikko ba zan koma ba.

Mai gidan da nake haya, Bernard, tsohon tela ne Bayahude. Da na kai masa kukana sai ya yi dariya ya ce, "Ai ba kai ne farau ba. Malamanmu sun daɗe suna kai-kawo kan albarkar da Yakubu ya sa wa 'ya'yansa."

Na farko, sun tambaya: uku daga cikin 'ya'yan tsawa kawai suka sha, to yaya aka ce duka ya sa musu albarka? Suka amsa cewa tsawar ba ta fitar da kowa daga rabon ba.

Na biyu, sun lura cewa fushin 'ya'yan ya la'anta, bai la'anci su kansu ba.

Na uku, ni na kawo tambayar, don bakina ba ya shiru. Na ce, "Me ya sa Yakubu ya yi shekaru bai tanka wa laifin 'ya'yan ba?" Bernard ya ajiye almakashi ya ce, "Tsoro yake ji kada su yi fushi su bar shi. Sai da ya ga tafiyarsa lahira ta matso ya yi magana."

Jama'a, gabana ya faɗi. Shekarata talatin, mahaifina bai taɓa ɗaga mini murya ba sai yanzu, ni kuma na kwashe wata uku ina fushi. Na yi booking ɗin jirgi, jibi zan tashi zuwa gida.

Allah ya albarkaci wannan taro, Allah ya mai da kowa gida lafiya. Ni kuwa ku roƙa mini in same shi da rai.

Na gode.