Ranar da aka tambayi mai shawara

'Yan'uwa, ina gaishe ku da sunan Yesu, wanda ya tsai da ni da ƙafafuna yau.

Sunana Rahila, daga Tama. Bara aka auna ni aka ce ciwon hanta ne, wanda muke kira shawara. Aka sa ni cikin wata ƙungiyar masu ciwon a Buza, wadda gwamnati ke tallafa wa don mu riƙa samun magani kyauta. Da farko muna samu. Daga baya perzidan, wato shugaban ƙungiyar, ya ce tallafi ya ƙare.

Idona ya koma ɗorawa, cikina ya fara kumbura. In na dubi 'ya'yana sai in tambayi kaina. Wa zan bar wa su?

Rannan aka ce masu bincike za su zo daga Tawa. Perzidan ya tara mu ya ce, "Kowa ya kama bakinai. In kunka yi magana, ruhe ƙungiya za a yi, har abada babu magani." Ya cika gaban ɗakin da danginsa masu ƙoshin lafiya, mu kuwa ya tura mu baya. Ni da ko a zumuntar mata ba na iya ɗaga murya. A zuci na ce, Ubangiji, tsoro nake ji, amma kar ka bar ni in yi ƙarya.

Aka yi ta jawabi, ban fahimci komai ba. Can sai na ji matar da ta jagoranci binciken ta ce, "Akwai mai shawara?"

Ashe ra'ayi take nema! Ni kuwa na ɗauka ciwon take tambaya. Na miƙe zumbur na ce, "Ni ce, madam, ina da ita."

Ɗaki ya fashe da dariya, amma matar ba ta yi ba. Ta tako har inda nake, ta dubi idona ta ce, "Baiwar Allah, yaushe rabonki da magani?"

"Tun kaka."

Daga nan na kusa da ni suka fara miƙewa suna faɗin nasu. Ashe tallafi bai taɓa yankewa ba, perzidan ne ke karkatar da shi, kuma maganin haƙƙinmu ne.

Ba a rufe ƙungiya ba, shugaba aka sake. Har yanzu ina shan magani, kumburin ya saɓe. Haleluya! Na gode wa Yesu. 'Yan'uwa, ku dogara gare shi ko kuna jin tsoro. Ni ban yi jarumta ba, kuskuren ji na yi, shi kuma ya cece mu da shi.