Kifina a Layin Abincin Kaji

Faɗa ne ya kawo ni kantin nan na garin Kisumu. Omena, busassun ƙananan kifin da nake kawo musu, wai shi aka jibge a layin abincin kaji! Ina jiran manaja sai wani dattijo ya tsaya gaban yarinyar da ke kan kwamfuta.

"'Yata, ina omena?"

"Can baya, Baba, kusa da dusa. Na'ura ta ce na kaji ne."

"Na kaji? Da shi uwata ta raine mu. In ta shanya shi bakin tafki, sai ka ce azurfa aka watsa a kan yashi."

Yarinyar ta yi tagumi. "Kakata da tumatir take soya shi. Har a mafarki ƙamshin yake zuwa mini."

"To wa ya gaya wa na'urar na kaji ne?"

"Ni ce, Baba. Kunya na ji, kada masu motoci su gan shi kusa da nama."

"Ashe duk kaji ne mu, har kakarki."

Ta sunkuyar da kai, ta soma danne-danne. Ni ban iya karatu ba balle in san abin da ta rubuta, amma na ga an ɗauko buhunan omena an dawo da su gaba, kusa da nama.